Hukumar gwamnatoci, cibiyar masu tallafi ko haɗakar sa-kai: wacce ta dace da masu binciken muhalli na ƙasashenmu?

Wani ƙanena a wurin aiki, mai nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya same ni kwanan baya da wata magana da ta hana ni sakat har yau. Wai su wasu matasan masu bincike ne daga Kano da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram da Diffa, har da na Njamena da Marwa ta Kamaru, suna so su haɗa kai su riƙa auna ruwan sama da zurfin rijiyoyi da ciyayi a yankin Komadugu Yobe zuwa tafkin Chadi, kowa ya auna a inda yake amma a zuba a tukunya ɗaya. Tambayarsa ita ce, Yaya wace irin rijista za mu yi, kuma a wace ƙasa? Na ce masa rijista ai ita ce ta ƙarshe, ka fara gaya min wa zai riƙe littafin awon, wa kuma zai biya mai karanta ma'aunin bayan kuɗin farko sun ƙare.

Abin da ya sa na fara da wannan, na taɓa zuwa wata firamare a wani ƙauye inda aka kafa ma'aunin ruwan sama a bayan ajin 'yan aji shida. Malamin da ke kula da shi ya fito min da littafin rubutu irin na ɗalibai, ya ja layi da biro ja, kowace safiya ta damina yana zuba ruwan a kwalbar awo ya rubuta, kwalbar ma ta tsage ya ɗaure ta da roba. Shekara uku ana ba shi ɗan alawus, da aikin ya ƙare aka daina, shi kuma ya ci gaba har damina biyu don ya saba, daga baya aka yi masa canjin makaranta shi kenan magana ta mutu. Gefen wurin akwai tasha mai sarrafa kanta da sola da komai, na leƙa mazurarin sai na ga zanzaro ya yi gini da laka ya toshe shi, batirin kuma ya daɗe da mutuwa. Bayanan da tashar ta tura kafin ta mutu suna can a kwamfutar wata cibiya a ƙetare, na rubuta neman su aka ce in cike fom, na cike, har yau shiru. To duk tsarin da za a zaɓa ni da wannan malamin da wannan zanzaron nake auna shi.

Hanya ta farko da mutanenmu suka fi sani ita ce ta gwamnatoci, a zauna a sa hannu kan yarjejeniya a kafa hukuma. Misalinta yana ƙofar gidanmu, Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ranar 22 ga Mayun 1964 a Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, daga baya Afirka ta Tsakiya ta shiga, Libiya ma ta shiga a 2008. Haka CILSS, kwamitin ƙasashen Sahel na yaƙi da fari, da aka kafa a 1973 ana tsakiyar fari, hedikwatarta a Wagadugu, ita ce ta haifi cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Kada wani ya raina wannan hanyar fa, domin shekara sama da hamsin ke nan AGRHYMET tana horar da ma'aikatan yanayi da na ruwa da na gona, duk shekara kafin damina ana taruwa a fitar da hasashen yadda za ta kasance, kuma abin da gwamnatoci suka kafa ba ya mutuwa don wani farfesa ya yi ritaya. Tana da ƙofa kuma, in hukuma irin wannan ta rubuta wa ma'aikatar ruwa ta wata ƙasa ana amsawa, kayan aikinta na iya wuce kwastan ba wahala saboda yarjejeniyar mazauni da ke tsakaninta da ƙasar da take zaune, abin da ƙungiyar malaman jami'a ba za ta taɓa samu cikin sauƙi ba.

Amma nauyinta ya fi ƙarfinku, na gaya masa. Ba masu bincike ke yanke hukunci a irin wannan gida ba, majalisar ministoci ce da taron shugabannin ƙasa, muƙamai ana raba su ne ƙasa-ƙasa, kuɗin karo-karo kuma sai an yi ta bin bashi. Dubi kundin dokar ruwa na tafkin Chadi, shugabanni sun amince da shi a 2012 amma sai da aka kwashe shekaru ana jiran majalisun ƙasashe su tabbatar. Sannan iyakar yarjejeniya ita ce iyakar wanda ya sa hannu, Najeriya ba mamba ba ce a CILSS, alhali hadarin da ya taso ya zuba a Maraɗi shi ne ke zuba a Jibiya da Katsina, gulbin ma ɗaya ne. An dai samu hanyoyin aiki tare, tsarin tantance yunwa na Cadre Harmonisé ya shigo jihohin Najeriya, amma ka ga sai da aka zagaya. Matasa ashirin ba su da yadda za su sa ministoci huɗu su zauna, kuma ko sun iya, ranar da aka kafa hukumar ranar za ta fita daga hannunsu.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi jan hankalin matasa saboda akwai kuɗi a bayyane, wato babbar cibiya da wata ƙasa mai arziki ke ɗaukar nauyi. WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma, ce misalin da na fi sani, ma'aikatar ilimi da bincike ta Jamus ce ta zuba kuɗin, hedikwata a Akra, cibiyar bincike a Wagadugu, ƙasashen Afirka ta Yamma fiye da goma suna ciki. Dabarar da suka yi da nake yabawa ita ce ba su tara komai wuri ɗaya ba, sun raba makarantun digiri na biyu da na uku a jami'o'i, Akure ta ɗauki tsarin yanayi, Minna tana da nata, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta ɗauki makamashi, Kumasi ta ɗauki amfani da ƙasa, kuma kowane aji ana ɗauko ɗalibai daga ƙasashen duka, mai Faransanci ya koyi Turanci mai Turanci ya koyi Faransanci. Yaron da ya yi shekara uku yana cin abinci kwano ɗaya da ɗan Mali da ɗan Benin, in ya koma gida ya zama darakta ba sai an koya masa amfanin musayar bayanai ba, waya kawai zai ɗaga. Wannan riba ce ta gaske kuma ba a samun ta da arha.

Inda nake tsoro shi ne abin da Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi yana da abin da ya dame shi, bana makamashi ne, baɗi wani abu ne daban, kuma kuɗin zango-zango suke zuwa, shekara uku, shekara biyar, alhali awon rijiya ba ya fara magana sai ya shekara ashirin. Ba mugunta ba ce, majalisarsu ce ke tambayarsu me aka yi da harajin mutanensu, dole su nuna sabon abu, kuma ba wanda ake tafa wa don ya ce mun ci gaba da karanta ma'aunin da muka karanta bara. Sai kuma siyasa, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafi, an rufe iyaka da Najeriya wata da watanni, duk aikin da numfashinsa ke hannun mai tallafi ɗaya ya ji a jikinsa. Ruwan sama kuwa bai dakata ba, damina ta zo ta wuce, ramin da aka bari a littafin awo na wannan shekarar ba mai cike shi har abada.

Hanya ta uku ce na fi daɗewa a kanta da shi, don ita ce mutane ba su cika sani ba, haɗakar sa-kai wadda ba yarjejeniyar gwamnati a ƙarƙashinta. Akwai ILTER, haɗakar wuraren binciken muhalli na dogon zango. Asalinta Amurka ne, a 1980 hukumar tallafin kimiyya ta can ta fara da wurare shida da niyyar a yi ta auna abu ɗaya a wuri ɗaya shekara da shekaru, sai a 1993 aka yi taro a Colorado aka buɗe abin ga duniya. Ka lura da tsarinsu, ba mutum ɗaya ke shiga ba, kowace ƙasa sai ta haɗa nata wuraren ta yi kwamitinta ta tsara dokar bayananta, sannan haɗakar ƙasar ta zama mamba, wakilan mambobi su ne babban kwamiti, su zaɓi ƙaramin kwamitin zartarwa. Ba su ma yi rijista a matsayin ƙungiya mai zaman kanta ba sai bayan shekara goma sha da fara aiki. Kowane wuri shi ke neman kuɗin kansa, uwar ƙungiya ba ta biyan albashin kowa, aikinta shi ne ta sa a yi awo iri ɗaya a kuma san wa ke auna me a ina. Afirka ta Kudu na ciki ta hannun SAEON, haɗakarta ta awon muhalli, har babban taron kimiyyarsu na farko a gandun dajin Kruger aka yi shi a 2016.

GBIF kuma, mai tara bayanan tsirrai da dabbobi da ƙwari, ta tsaya tsakiya ne. An kafa ta a 2001, sakatariya a Kopenhagen, ƙasashe da wasu ƙungiyoyi ne mambobi amma abin da suka sa wa hannu takardar fahimtar juna ce kawai, ba ta ɗaure kowa a kotu. Ƙasar da ke biyan kuɗi daidai ƙarfin arzikinta tana da ƙuri'a, wadda ba ta fara biya ba tana zama a taro ta yi magana amma ba ta kaɗa ƙuri'a. Abin da ya fi burge ni shi ne bayanai ba sa barin hannun mai su, jami'ar da ta tattara ita ce mai wallafawa da sunanta, ta zaɓi irin lasisin da take so cikin guda uku, duk wanda ya sauke bayanan ana ba shi wata lambar shaida ta dindindin da zai ambata a takardarsa, ta haka mai tattarawa zai ga inda guminsa ya je. Da wannan tsarin mara nauyi suka tara bayanai sama da biliyan 2. Wallahi da malamin nan na firamare ya faɗa cikin tsari irin wannan da sunan makarantarsa na nan a rubuce.

Raunin wannan hanyar a fili yake, ba zan ɓoye ba. Inda jami'o'i ke da kasafin bincike mai ƙarfi sa-kai yana tafiya, mu kuwa malami na iya shekara bai ga sisin bincike ba, ga yajin aiki, ga wuta babu. Ba mai iya tilasta wa kowa, wanda ya ga dama ya turo nasa wanda bai ga dama ba ya yi shiru, kuma yawanci abin yana rataye ne a wuyan mutum biyu ko uku masu zuciya, in suka gaji ko suka samu aiki a waje sai ka ji tsit. Kuma ba ta da ƙofar gwamnati, in aka riƙe muku na'ura a kan iyaka ba wanda za ku kira.

Duk da haka akwai shaidar da ta sa na karkata nan, kuma a ƙasar Nijar take. Tun 1990 masu bincike na Faransa da na Nijar suka baza ma'aunan ruwan sama a kewayen Yamai, aka yi babban gangamin awo mai suna HAPEX-Sahel a 1992, daga baya abin ya zama shirin awo na dogon zango mai suna AMMA-CATCH mai wurare uku, Gourma a Mali, yankin Yamai irin su Wankama da Banizoumbou, da kuma saman kogin Ouémé a Benin. Ba wata hukumar ƙasa da ƙasa aka kafa ba, ba katafaren gini, awo ne dai ba fashi. Da irin wannan naci, haɗe da tsofaffin awon rijiyoyi, aka tabbatar da abin da ba wanda zai yarda da shi da baki, wai a kudu maso yammacin Nijar ruwan ƙasa ƙaruwa ya yi, kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980. Dalili kuwa sare daji da faɗaɗa gonaki sun sa ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ya daina shiga inda ya sauka sai ya gangara tafkuna, daga tafkunan ya nutse ya tarar da na ƙasa. Aikin shekara uku ba zai taɓa ganin wannan ba. Gaskiya ne akwai cibiyar bincike ta Faransa mai suna IRD a bayansu da albashi da mota, shi ya sa na ce masa darasin ba wai a yi ba kuɗi ba ne, a samu ƙaramin kuɗi wanda ba ya yankewa ya fi babba mai zuwa ya tafi.

To shawarar da na ba shi ita ce su ɗauki ƙashin bayan ILTER su ɗora masa dokar bayanai irin ta GBIF, hukumomin gwamnatoci kuma su zama abokan hulɗa ba iyayen gida ba. Mamba ya zama wurin awo da jami'ar da ta tsaya masa, ba mutum ba, shugaban jami'a ya sa hannu a takarda cewa ma'aunin nan da mai karanta shi suna cikin kasafin sashe, ko da kuɗin bai wuce na man babur da kati ba. Wanda bai kawo wannan takardar ba ya zauna a matsayin ɗan kallo har ya kawo.

Maganar ƙuri'a ita ce za ta fara haɗa su faɗa, na san haka. In aka ce kowane wuri ƙuri'a ɗaya, Najeriya za ta mamaye don ta fi yawan jami'o'i, ɗan Diffa zai ga ai ba da shi ake yi ba ya janye a hankali, kuma shi ne ke zaune a bakin Komadugu inda kogin ya zama iyaka. In aka ce kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya, masu yawan aiki za su ji an danne su. Ni abin da na ga ya fi shi ne a raba, abin da ya shafi yadda ake awo da irin na'ura wurare su yanke da rinjaye, abin da ya shafi kuɗi da sauya doka da karɓar sabon mai tallafi kuwa ƙasa-ƙasa, kuma sai kowace ta yarda. Shugabanci ya riƙa zagayawa shekara biyu-biyu ba tazarce, amma sakatariya kada ta zagaya, ta zauna wuri ɗaya da mutum ɗaya mai albashi, don takardu da kalmar sirrin rumbun bayanai ba sa son yawo. Kuma ciyaman da ma'aji kada su fito ƙasa ɗaya.

Kuɗi kuma sai su buɗe ido, yankin nan kuɗi uku ne ke yawo, naira, sefar Nijar, da sefar Chadi da Kamaru wadda ta Afirka ta Tsakiya ce, darajarsu ɗaya da ta Nijar amma ba ka iya kashe wannan a kasuwar wancan. Naira kuma ta faɗi warwas a 2023, kasafin da aka rubuta da ita a farkon shekarar kafin ƙarshenta ya zama kusan rabi. Gara kowace ƙasa ta riƙe asusunta ta biya nata masu awon, asusun tsakiya ya zama ƙarami na taro da rumbun bayanai kawai, a kawo odita daga waje duk shekara a karanta rahoton a gaban kowa. Mai tallafi in ya zo maraba, amma a rubuta tun yanzu cewa ba ya samun kujera mai ƙuri'a, kuma kaso kaza na duk abin da ya bayar zai tafi asusun gyaran na'ura da alawus ɗin masu karantawa na bayan aikin.

Sai dokar bayanai, nan ne zumunci ke lalacewa. Ɗalibin da ya sha rana yana zura igiya a rijiya yana tsoron wani mai kwamfuta mai ƙarfi a ƙetare ya riga shi wallafawa, kuma tsoronsa na kan hanya don an sha yi. Ni na ce a ba mai tattarawa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, bayan nan a buɗe wa kowa da sharaɗin ambaton suna, amma awon ambaliya da tashin kogi ba wa'adi, a sake shi a ranar. Wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ba zai yi gardama a nan ba. Kwafin komai kuma ya zauna a aƙalla ƙasashe biyu na yankin kafin ya tafi ko'ina. In za a fitar da samfurin tsiro ko iri waje akwai yarjejeniyar Nagoya da ta fara aiki a 2014, sai da izinin ƙasar da aka ɗauko, a sa wannan a takarda tun farko kada a zo ana jin kunya. Su kuma je wa NiMet ta Najeriya da hukumar yanayi ta Nijar da ta Chadi da ta Kamaru tun kafin su dasa ƙarfe ɗaya, don doka su ta ba hurumin yanayi, kuma tun 2021 Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da sabuwar manufar musayar muhimman bayanai kyauta, wannan zai taimaka musu a wurin zance.

Na'ura ba zan daɗe a kanta ba. Masu shirin awon yanayi na TAHMO sun nuna ana iya dasa tashoshi masu sauƙi a makarantu, burinsu 20,000 a faɗin Afirka, sun kafa ɗaruruwa, kuma tashar tasu ba ta da abin da ke juyawa balle ya karye. Amma ko wacce iri aka saya a ajiye ma'aunin hannu a gefenta da mutum mai suna.

Harshe kuwa muna da abin da wasu yankunan ba su da shi. Takardu dole Turanci da Faransanci, amma ɗan Damagaram da ɗan Haɗeja da mai sayar da kifi a Baga da direban da zai kai ku Marwa da yawansu Hausa ta haɗa su, ga Kanuri ga Fulatanci ga Larabcin Chadi. Na ce masa umarnin karanta ma'auni a rubuta shi da Hausa da Kanuri a manna jikin ƙarfen, sakamakon kowace damina kuma a koma a faɗa wa mai gari da manoma da masunta da bakinsu, don mutanen Nguru da kachalla ta toshe wa hanyoyin ruwa tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa sun fi mu sanin inda ya kamata a dasa sandar awo, kuma wanda aka faɗa wa amfanin abu shi ke hana yara jifansa.

Ya tambaye ni to yaushe za a je wa Hukumar Tafkin Chadi da AGRHYMET? Na ce bayan damina biyu, da littafi a hannu, ku nemi takardar fahimtar juna da kujerar 'yan kallo a taronsu na ƙwararru, ku ma ku ba su kujera a naku. Rijista kuma a yi ta a ƙasar da sakatariya ta zauna, ranar da wani ya ce zai ba ku kuɗi kuma yana neman lambar asusu. Kafin nan abin da na sa shi ya kawo min shafi huɗu ne kawai na doka, da jerin wuraren da za su fara da su, kowanne da sunan jami'ar da ta tsaya masa da sunan wanda zai fita da safe ya karanta, da wanda zai karɓe shi in aka yi masa canjin wurin aiki.